Agogon Japan da Haƙorin Ƙanena

Shekarun baya, a satin da muka kwashe kayan gidanmu na Garki a Abuja, na ci karo da wani kwali a saman wardirob ɗin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Bayan rasuwarsa ne muka yanke shawarar mahaifiyata ta koma wajen ƙanena a Gwarinpa, gidan kuma a zuba 'yan haya. Ni aka bar wa ɗakin Baba, saboda ni ne babba, kuma saboda kowa ya san ni da son tonon tarkace. A cikin kwalin akwai tsohuwar na'urar gem ɗinmu, da fad guda biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a buga wasan, igiyoyinsu sun cukurkuɗe, da faya-fayai a leda, da memori kad guda biyu, wato ɗan katin da ake sokawa a na'urar ya riƙe maka inda ka tsaya a wasa. Ɗaya daga cikinsu an manna masa guntun selotef, an rubuta KAR A TAƁA da jan biro. Rubutuna ne.

Sai na ɗan koma da ku baya kafin ku gane abin da ya sa na zauna a ƙasa da katin nan a hannu, aka yi ta kirana in zo in kama katifa ban ji ba.

Na'urar tokumbo ce, wato ta hannu, daga Japan ta fito, kuma duk abin da ke cikinta da rubutunsu yake. Gem ɗin ƙwallon da muka fi so shi ma haka. Ba mu iya karanta harafi ko ɗaya ba, don haka haddace hanya muka yi kamar mai tafiya banɗaki an ɗauke wuta: ƙasa sau biyu, ka danna jan maɓalli, dama sau ɗaya, ka sake danna ja. Baba kuwa ya tsani abin, ko dai haka muka ɗauka. Shi ya saya, amma kullum kayan shirme yake ce masa. Da hutu zai zauna a bayanmu da jarida yana tsaki, da an koma makaranta kuma ya kulle ta a wardirob, ya jefa makullin a aljihun wata babbar riga da ba ya sawa. Mu kuma mun san aljihun. Duk Asabar da safe idan ya tafi gonarsa ta hanyar Keffi, Umma ta tafi kasuwa, sai mu ɗauko mu buga daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, mu mayar kamar ba a taɓa ba.

Ina aji biyar na sakandare lokacin, ƙanena yana aji biyu. Na yi wata da watanni ina gina wata ƙungiya a gasar cikin gem ɗin, tun tana ta ƙarshe har na kawo ta wasan ƙarshe na kofi. Wata Asabar na soka katinmu, na yi ƙasa biyu na danna ja, sai na tarar babu ƙungiyata. An fara sabuwar gasa a kanta, an buga wasa tara, an sha kashi a duka taran. A lissafina mutum ɗaya ne zai yi haka, kuma da gangan, don ya ƙona min rai. Ƙanena ya ce wallahi ba shi ba ne. Ya sake rantsuwa. Na hankaɗe shi, bakinsa ya daki gefen tebur, haƙorinsa na gaba ya karye rabi.

Ranar Baba ya dawo da wuri, ya same ni ina ihun an goge min kofina, ga jini a kafet, ga na'urar da ya kulle a tsakar falo. Na sadaƙar yau sai buzuna. Amma bai dake ni ba, bai ma tambayi yadda muka sami makulli ba. Ya ɗauki yaron ya kai shi asibiti. Bayan sati ɗaya ya ajiye sabon memori kad a kan tebur ya ce, "Kowa ya riƙe nasa." Ni kuma na ɗauki wannan a matsayin hukunci: Baba ya gane ƙanena ne mai laifi, shi ya sa ya raba mu. Tun daga ranar na manna wa tsohon katin KAR A TAƁA, ban ƙara soka shi ba, kuma ban taɓa ba ƙanena haƙuri ba.

Mun girma lafiya, ba gaba muke ba. Amma bai taɓa gyara haƙorin ba, kuma duk tsohon hoton da za ku gani nasa, har na ɗaurin aurensa, baki a rufe yake murmushi. Idan musu ya haɗa mu a kan wani abu daban, ko siyasa ce, sai ya ƙare da cewa, "Yaya, ni dai ban goge maka ba." Ni kuma in yi dariya in ce Allah ya sani. Shekara wajen ashirin muna haka.

To da katin nan ya zo hannuna, abin da ya fara zuwa raina shi ne, ko har yanzu wasa taran nan suna ciki? In suna ciki, me za su nuna? Na kai kwalin gida, na jona na'urar. Fitila ta kawo, fanka ta juya, amma ta ƙi karanta faifai ko ɗaya, sai wani ƙas-ƙas take yi. Na shiga intanet ina bincike, a nan na fara jin labarin wata manhaja da ake kira imuleta. Aikinta shi ne ta sa kwamfuta ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar, har faifan ya yarda ya buɗe. Abin ya ɗaure min kai ƙwarai. Yaya za a yi laftof ɗin da nake rubuta memo da ita a ofis ta yaudari faifan da aka yi tun kafin a ƙera ta?

Na sauke manhajar, ta buɗe, ta ce in kawo mata bayos. Na ce wane ne kuma haka? Ashe wani ɗan fayil ne da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne yake gaya mata ko ita wace ce idan an kunna ta, kuma daga taka na'urar za ka ciro shi. Sannan na juya laftof ɗina ta kowane gefe ina neman inda ake saka faifai, sai a ranar na lura ba ta da shi. Shekara uku ina amfani da ita ban sani ba.

Ranar Asabar na nufi kasuwar Utako, aka kwatanta min shagon wani dattijo mai gyaran kayan gem. Ba Bahaushe ba ne, amma yana jin Hausa irin tamu ta Abuja. Ya buɗe na'urar, ya leƙa, ya ce, "Oga, idon da ke karanta faifai ya mutu, amma ƙwaƙwalwa tana nan lafiya. Wannan ɗan Japan ne, ka sani ko?" Na ce na sani. Ya ɗaga faifan ƙwallon ya kalle shi a haske, ya sake kallona.

"Wane ne ya wanke wannan?"

Na ce ni ne, jiya, da makilin, kamar yadda muke yi muna yara idan faifai ya karce.

"Makilin na haƙori ne, Alhaji. Kai ka ƙara masa ciwo."

Maganar haƙori kuwa ba ta cikin abin da nake so a tayar. Ya goge faifan a injinsa, ya ciro min bayos ɗin da duk abin da ke cikin tsohon katin ya zuba a filash, ya haɗa ni da abin karanta faifai da ake jonawa ta waje, da wata 'yar igiya da za ta haɗa tsofaffin fad ɗin biyu da laftof. Ya ce in fara kwafe faifan gaba ɗaya cikin kwamfuta, in daina wahalar da tsoho.

Na yi duk yadda ya ce. Da na danna, allo ya yi baƙi, sai ga sautin nan na buɗewar na'urar ya fito daga laftof ɗina. Matata ta leƙo daga kicin ta ce lafiya nake washe baki ni kaɗai, na ce mata aiki nake yi.

Daga nan kuma na maƙale. Allon farko na gem ɗin ya fito, amma na kasa wuce shi. Duk bayanan da na karanta sun ce maɓalli mai alamar kuros, wato X, shi ne na shiga, ni kuma duk lokacin da na danna shi sai a mayar da ni baya. Na canja saitin hoto, na canja na sauti, na goge manhajar na sake saukewa, har na fara zargin dattijon Utako a zuciyata, Allah ya yafe min. Kwana uku ina dawowa daga ofis ina wannan fama tsakanin La'asar da Magariba. A rana ta huɗu aka kira ni a waya, ina magana fad yana hannuna, ban ankara ba babban yatsana ya yi ƙasa biyu ya danna ja. Gem ya buɗe. Ashe bayanan da nake bi na na'urorin Turai ne. A ta Japan ja shi ne e, kuros shi ne a'a. Kaina ya manta, yatsana bai manta ba.

Na loda abin da ke cikin tsohon katin. Suna nan. Wasa tara, kashi tara, ƙwallo ɗaya tak aka ci. Sai na gano manhajar tana nuna rana da lokacin da aka adana kowane wasa, abin da ban taɓa sanin ana iya dubawa ba muna yara. Na duba. Na lissafa ranar a kalandar waya, Alhamis ce, ƙarfe takwas da minti arba'in na dare.

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. A wancan zangon ina zuwa lesin gidan maƙwabta daga Magariba zuwa tara, Baba kuma yana zama hira a ƙofar masallaci bayan Isha'i. Wa ya rage a gida? Na ɗauki hoton allon na tura wa ƙanena, na rubuta, "Shaida ta fito." Na ga alamar ya karanta. Bai ba ni amsa ba, ranar da washegari.

Da na tsaya nan, da na ƙara shekara ashirin a kan kuskurena. Son bin diddigi ne ya cece ni. Na ci gaba da buɗe sauran abubuwan da ke katin don nishaɗi kawai, tseren mota, gem ɗin faɗa, ina duba ranakunsu. Waɗanda muka buga a zangon karatu duk Asabar ne, daidai. Amma lokacinsu ƙarfe shida, bakwai, bakwai da rabi na yamma. Na ce a'a. Ƙarfe shida na yammar Asabar Baba yana falo ya miƙe ƙafa yana jin labarai, wa ya isa ya taɓa wardirob? Mu da safe muke bugawa. Na ɗauko biro na jera su a bayan wata takarda, na cire lokacin da na san muna bugawa daga wanda allo ya nuna. Kowanne tazarar awa takwas ce. Na tambayi waya ƙarfe nawa ne yanzu a Japan, ta ce suna gabanmu da awa takwas. Tun da aka sauke na'urar nan a Najeriya babu wanda ya taɓa gyara mata agogo, don babu wanda ya iya karanta inda ake gyarawa.

Ke nan takwas da arba'in na dare, sha biyu da arba'in ne na rana. Ranar Alhamis. A lokacin ni da ƙanena muna makaranta, kuma mota ɗaya ke kai mu ta ɗauko mu.

Na daɗe ina kallon takardar. Ranar Lahadi na saka laftof da fad biyu a jaka na tafi Gwarinpa. Na sami Umma a falo tana tsince wake. Bayan mun gaisa na ce, "Umma, shekarar da haƙorin wancan ya karye, wa yake zama a gida da rana ban da ke?"

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da ido kan tire. "Me ya tayar da wannan kuma?"

Na buɗe laftof na nuna mata. Tana jin muryar Bajapanen da ke sharhin ƙwallo a cikin gem ɗin ta ajiye tiren, ta rufe baki da mayafi tana dariya, dariyar kuma ta zo da hawaye.

"Babanku ne," ta ce.

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A shekarar an yi musu canjin shugaba a ma'aikata, aka ɗauke shi daga teburinsa ba a ba shi wani ba. Wata kusan biyar zai je ya sa hannu, ya rasa kujerar zama, ya dawo gida kafin Azahar. Bai so mu sani ba, don haka kafin motar makaranta ta iso sai ya sake sa hula ya fita, ya dawo ƙarfe biyar kamar kullum. "Zaman ya ishe shi," in ji ta. "Rannan sai na ji wannan mutumin yana ihu a falo. Na leƙo, ga Babanku a ƙasa ya naɗe hannun riga. Ya ce in na faɗa muku bai yafe ba. Ashe duk jaridar nan da yake riƙewa a bayanku, hannunku yake kallo."

Na ce, "To ya aka yi ya goge min?"

"Shi ma bai sani ba. Ya ce wani rubutu ya fito, ya danna jan da ya ga kuna dannawa. Ranar da ya ci ƙwallo ɗayan nan kuwa, ina kicin na zata gobara ce." Ta share ido. "Da ya dawo daga asibiti da ƙanenka, ya zauna bakin gado ya ce min, ni na ja wa yaron nan. Na ce to ka faɗa musu mana. Ya ce da wane baki, ni da nake ce musu kayan shirme ne, sannan su tambaye ni me nake yi a gida da rana? Daga ranar bai sake taɓa ta ba. Ni kuma na ɗauka kun manta tuntuni."

Ban san tun yaushe ƙanena yake tsaye a bakin ƙofa ba, amma ya ji abin da ya kamata ya ji. Na miƙe. Ni da nake da baki a taron ofis, sai na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Don Allah ka yafe min. Na zalunce ka, na kuma ƙara da saƙon nan na shekaranjiya."

Ya taɓa haƙorin da harshe kamar yadda ya saba. Sannan ya ce, "Yaya, shekara ashirin ina rantse maka da Allah ba ka yarda ba. Sai da agogon Japan ya faɗa maka."

Ya zo ya zauna a kafet, ya jawo jakata, ya ciro fad ɗaya ya juya shi a hannu. "Na yafe tun tuni," ya ce. "So nake kawai ka yarda. Kawo mu ga ƙungiyar Baba."

Ƙungiyar Baba abin tausayi ce. Ya sa mai tsaron gida a gaba, ɗan gaba a baya, da alama bai san yana canja su ba. Muka gyara, muka haɗu gefe ɗaya ni da ƙanena muka buga masa wasa na goma. Umma tana bayanmu tana cewa mu bi a hankali, kamar za mu ji ciwo. Muka ci uku da nema. Ƙanena ya yi dariya baki buɗe, har na ga rabin haƙorin sosai, abin da na daɗe ban gani ba.

Da aka tashi wasa sai akwatin rubutun nan ya fito a allo, irin wanda ya fito wa Baba, mai tambayar ko a adana sabo a kan tsoho. Yatsana ya nufi ja da kansa. Ƙanena ya riƙe min hannu.

"A'a, Yaya. Bar masa taransa."

Na danna kuros.

Har yau fayil ɗin yana cikin laftof ɗina, na kuma kwafe shi wuri uku. Wani lokaci ina buɗe shi ba don in buga ba, in kalli wasa taran nan da ƙwallo ɗaya, in tuna mutumin da nake tsoron tsakinsa yana zaune a ƙasa shi kaɗai da tsakar rana, ana ta cin sa yana sake gwadawa. Na ji haushinsa na ɗan lokaci, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ƙanena. Daga baya na lura ni ma kalma ɗaya ce ta gagare ni shekara ashirin, kuma ni ba ni da uzurin rasa tebur.

Abin da ya fi tsaya min shi ne maganar ƙanena a bakin ƙofa. Na yi sati biyu ina lallaɓa manhaja, ina ba ta uzuri, ina cewa wataƙila ni ne ban gane ba, har ta buɗe. Ɗan'uwana da muka fito ciki ɗaya ban ba shi minti biyar ba. Yanzu idan 'ya'yana suka kawo min ƙara, ɗaya yana rantsuwa ba shi ba ne, nakan zauna in saurare shi har ya gama.

Na ce masa zan kai shi a gyara haƙorin, duk likitan da yake so a Abuja. Ya ce in bar shi, ya saba da abinsa. Amma a hoton sunan 'yarsa na bara, baki buɗe yake dariya.